Tambaya da Amsa: Fayafayan Garmahon da Aka Bar Mana

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowa, dukkansu a kan faifan garmaho. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin abin da ake shirin yi a gidan mai ita, ni na taɓa yin sa da hannuna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Bayan rasuwar kakanmu an tarar da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa cike da fayafayan garmaho, mun ƙirga 43. Baƙaƙe ne masu nauyi, wasu da hoton kare yana leƙen kakaki. Sun sha ƙura, gara ta cinye takardun wasu. Ƙanena ya ce mu goge su da sifirit ko sanitaiza su yi ƙyalli. Yaya zan yi da su? Daga wata 'yarku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakanku, ya kai haske kabarinsa. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ki karɓe kwalbar nan daga hannun ƙanenki.

Waɗannan fayafayai ba roba ba ce. Da wani irin ƙaro aka yi su, wanda Turawa ke kira shalak. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne a dazukan Indiya da Tailan yake tsotsar ruwan itace, ya fitar da wannan ƙaro ya lulluɓe reshe da shi. Sai a kankaro, a narkar, a tace. Masu yin faifai su cuɗa shi da garin dutse mai laushi, da ƙunƙunniya don ya yi baƙi, da ɗan zaren auduga, su matse a injin. Garin dutsen ma ya fi ƙaron yawa, shi ya sa kika ji nauyi, shi ya sa kuma in ya faɗi yake tarwatsewa kamar tangaran. To, shi wannan ƙaro, da sifirit kafintoci ke narkar da shi in za su shafe kujera ta yi sheƙi. Kin ga ke nan abin da sifirit zai yi wa faifai. Sanitaiza da turaren fesawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kananzir da fetur da man shafawa su ma kada su kusance shi.

Ina saurayi, lokacin ina koyon gyaran rediyo, na ɗauki wani faifan mahaifina na waƙar Indiya da yake so ƙwarai, na ce bari in kyautata masa. Na jiƙa auduga da sifirit ɗin shagonmu na goga. Audugar ta yi baƙi ƙirin, ni kuwa ina murna wai dauɗa ce ke fita. Ashe jikin faifan ne. Da ya bushe sai wurin ya yi sumul, layukan sun shafe, in allura ta zo nan sai ta zame ta wuce. Mahaifina bai ce mini uffan ba. Ya juya ɗaya gefen ya sa, kuma har ya koma ga Allah gefen nan kaɗai yake saurare. Faifan yana wurina har yau.

Ga yadda nake wanke nawa. Da farko a kaɗe ƙura da burushi mai taushi, irin sabon burushin fenti, ana bin layukan a kewaye, ba a gicciye ba. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In dauɗar ta kama, a sami tataccen ruwa irin na kantin magani, ba mai zafi ba, a sa masa ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka. Ruwan rijiya yana barin gishiri-gishiri a cikin layukan, ruwan batir kuma sai an tabbatar tsantsar ruwa ne ba mai asid ba. A shimfiɗa tawul a kan tebur, a kwantar da faifan, a bi shi da burushin a hankali, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da gashi. Kada a tsoma shi a bahon ruwa a bari ya jiƙu, domin wasu, musamman na kamfanin Columbia, akwai takarda a cikin jikinsu, in ruwa ya shiga ta gefe sai su kumbura su ɗaye. Takardar tsakiya mai ɗauke da suna ita ma a kiyaye ta, tawadarta na zuba. Sannan a jingine shi a inuwa cikin ɗaki ya kwana ya bushe. Ban da rana. Na sake faɗa, ban da rana, domin zafin watan Afrilu na Zariya zai lanƙwasa shi kamar faranti.

Wajen ajiya, a tsaye ake jera su kamar littattafai, suna jingine da juna ba tare da an matse ba, kowanne a cikin rigarsa ta takarda. In an jibga su a kwance, na ƙasa ne ke shan nauyi, ƙwayar yashi ɗaya a tsakani ta isa ta tsaga shi. Manya da ƙanana a raba su. Akwatin ƙarfen kakanku ya yi musu rana, amma a ɗaga shi daga ƙasa a ɗora kan benci saboda gara da laimar damina, a nesanta shi da bango mai shan rana da kuma rufin kwano. Da hunturu a rufe saboda ƙura, da damina a riƙa buɗewa ana dubawa kada su yi fumfuna. Takardun da gara ta taɓa a cire su, amma kada a ƙone: in akwai hatimin kantin da aka sayi faifan a jiki, wannan ma tarihi ne.

Karen da kika gani kuwa sunansa Nipper, tambarin His Master's Voice ne na kamfanin Gramophone, wanda a wancan zamani yake da masana'anta a Hayes kusa da Landan, da wata a Dum Dum kusa da Kalkata. Ki duba ƙananan rubutun da ke gefen takardar tsakiya, za ki ga ko a Ingila aka buga shi ko a Indiya.

TAMBAYA: Malam, na sayi garmaho mai kakakin tagulla a kasuwa, da allura ɗaya a jikinsa. Da farko yana fitar da murya garau, yanzu sai shuu da ƙara. Ina da fayafayan roba na wana, zan iya sa su a kai? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, dakatar da shi yau ɗin nan. Allurar ƙarfe ta garmaho gefe ɗaya na faifai aka yi ta ta yi, wato kamar minti uku a faifai mai faɗin inci 10, sannan a jefar a sa sabuwa. Ba rowa ko wayon 'yan kasuwa ba ne, haka aka tsara abin: garin dutsen da ke jikin faifan yana wasa bakin allurar ta zauna daidai cikin layi, allura ta cinye, faifai ya tsira. In ka ci gaba da ita, bakinta ya riga ya zama kamar aska, sai ta koma yankar layukan. Shuu ɗin da kake ji, waƙar ce ake kankarewa, kuma ba ta dawowa. Ka duba faifan a haske, in layukan sun yi toka-toka, aikin allurar nan ne. Shi ya sa da can a gwangwani ake sayar da su, ɗari ko ɗari biyu, kuma jikin garmahon ana yi masa 'yan kofuna, na sababbi daban, na tsofaffi daban. Har yanzu ana ƙera su, ana samu a saya ta intanet.

Fayafayan roba na yayanka kuwa kada ka kuskura ka sa su a kai. Na shalak yana juyi 78 a minti, layinsa mai faɗi ne. Na roba mai juyi 33 da sulusi kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, mai juyi 45 kuma RCA Victor a 1949, layukansu sirara ne, don allura marar nauyi aka yi su. Kan garmaho mai nauyi zai huɗe su kamar garma a sawu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata ka bincika. Yawancin garmaho masu kakakin tagulla mai walƙiya da ake gani a kasuwanni yau ba tsofaffi ba ne, haɗe-haɗe ne na baya-bayan nan da ake yi don ado, a manna musu hoton karen nan. Hannunsu ba ya tafiya daidai, suna cin faifai ko da sabuwar allura. In naka irinsu ne, ajiye shi a falo ya yi kwalliya. In na asali ne, kada ka wana shi har ya ƙure, in ka gama saurare ka bar shi ya warware, kuma kada ka buɗe gidan sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake wanawa ya juya faifai, da kanka, in ya ɓalle yana iya yanke yatsa.

TAMBAYA: Baba, wani ya zo zangonmu yana neman sayen fayafayan mahaifina gaba ɗaya. Akwai na Turanci, akwai na yarukan nan ƙasar, akwai biyu da nake jin Hausa ce. Suna da tsada ne? Daga ɗanku a Kumasi.

AMSA: Ɗana, tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Na kiɗan Turawa an buga su da ɗimbin yawa, sun cika kasuwannin gwanjo a Turai. Waɗanda mai sayen nan yake hari su ne na harsunanmu, domin kaɗan aka buga, kuma zafi da gara da tsohuwar allura sun gama da mafi yawansu. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, lambobin fayafayan suna farawa da EZ. Daga baya His Master's Voice ya yi jerin JZ, Decca kuma ya yi jerin WA. In ka ga waɗannan haruffa kafin lamba, ka riƙe da kyau. Wani faifan yana yiwuwa shi kaɗai ya rage da muryar mawaƙin da ke ciki.

Ba zan hana ka sayar da abin da ka gada ba, amma ba a sayar da irin wannan a dunƙule kamar buhun gawayi. Ka ɗauki hoton takardar tsakiya ta kowane gefe, ka rubuta lambar da aka tona a jikin faifan kusa da takardar. Sannan ka nemi mai injin faifai na lantarki da ke juyi 78, wanda aka sa masa allura mai faɗin baki ta musamman don irin waɗannan, a naɗe sautin a kwamfuta, ka raba wa 'yan'uwa. A nan Ghana, a Cape Coast, an kafa gidan adana fayafayan garmaho, in har yana aiki, ya dace ka tuntuɓe su kafin ka yanke shawara.

Ka kuma duba ko a cikinsu akwai wanda sunan da ke kansa da hannu ko da tafireta aka rubuta, kuma ana hango farin ƙarfe ta ramin tsakiya. Wannan ba shalak ba ne, faranti ne na alminiyam da aka shafa wa wani fenti, irin wanda gidajen rediyo ke yanka ɗaya tak. Kada ka wanke shi, kada allurar ƙarfe ta taɓa shi. Biyun nan da kake jin Hausa ce kuwa, ka turo mini hotunan takardunsu, gaba da baya, mu karanta tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.