Hanyar Kaduna zuwa Kano: a ina ya kamata mu tsaya?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Kaduna. Za mu kai ɗalibai Kano yawon buɗe ido, kuma ina so su ga wuraren tarihi tun daga kan hanya. Waɗanne tsofaffin zango ne suka rage a titin nan?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Tafiyar kusan kilomita 230 ce, amma ki sani tun yanzu, yawancin wuraren da direbobi ke tsayawa ba su ne tsofaffin ba. Mota ce ta haife su. Garuruwan da fatake suka riƙa sauke kaya a cikinsu, kwalta ta bar su a gefe, sai an ratse.

Da kun wuce Kawo da Rigacikun za ku iso Mararrabar Jos, matattarar direbobin tireloli da tankoki. Ku wuce kawai, ba wurin sauke yara ba ne. A Jaji za su hango barikin soja, inda aka kafa kwalejin horar da manyan hafsoshi a 1976. Ki gargaɗe su kada a ɗaga waya a ɗauki hoto. A wannan yankin ne Turunku take, hedkwatar ƙaramar hukumar Igabi, wadda labarin baka ke cewa ita ce mazaunin sarautar Zazzau a zamanin Bakwa Turunku, kafin a koma wajen dutsen Kufena da ke kusa da Zariya. Sai dai ratsen zai ci muku lokaci.

Zariya ce ta cancanci rabin yininku. Ku shiga birni ta Ƙofar Doka, ku nuna musu abin da ya saura na ganuwa, sannan ku nufi fada. Masallacin Juma'a da ke wurin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Wanda ya tsaya daga waje zai ce sabon gini ne, domin an lulluɓe tsohon da ginin siminti. Sai an shiga ake ganin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da ginshiƙan asali. A ganina babu abin da ya kai wannan daraja a duk tsawon titin. Daga nan ku leƙa tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari. Dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, kuma shi ne ya fara rage wa ayarin jakuna kasuwa, tun kafin manyan motoci su ƙarasa aikin. Dutsen Kufena kuwa ana hango shi daga nesa, ba sai an hau da yara ba.

Bayan Kwangila sai Tashar Yari, sai Kwanar Ɗangora inda hanyar Jos ta Falgore ta rabu. Nan wuraren salla ne da cin abinci da sayen rake, ba na tarihi ba.

Wanda mutane ke mantawa shi ne Bebeji. Garin mai ganuwa ne a kan tsohuwar hanyar Zazzau zuwa Kano, kuma a nan rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta gamu da turjiya a farkon 1903, kwanaki kaɗan kafin ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Yau matafiyi zai bi ta Dakatsalle ya wuce bai san ya gifta shi ba.

Daga Kwanar Gafan zuwa Kadawa, in da rani ne, za ku ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin. Garin Kura kuma, tun kafin a san shi da shinkafa, ya yi suna da rini, musamman baƙin turkudi mai sheƙi da Buzaye ke saye har Agadas.

Ki aika da takarda fadar Zazzau da gidan hakimin Bebeji kafin ranar, don a ba ku ɗan rakiya. Ku guji Juma'a saboda masallacin, kuma ku fita da sassafe yadda za ku haye gadar Tamburawa kafin magariba.