Magajin gari da manajan gari: wa ke riƙe da akalar?

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya me ya sa wasu biranen Amurka ke da magajin gari kuma ga manajan gari, wane ne babba a cikinsu. Na zauna a San Antonio ta jihar Texas, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ina sabon zuwa na ɗauka magajin gari kamar ciyaman ɗinmu ne na ƙaramar hukuma, kuɗi da ma'aikata duk a tafin hannunsa. Sai ranar da maƙwabcina ya ja ni zaman majalisar birni. Magajin gari ne ke jan zaman, amma da aka zo ƙuri'a, tasa ɗaya ce tak cikin 11, daidai da ta kowane kansila. Da zarar an taɓo kasafin kuɗi, gyaran titi ko kwasar shara, sai ka ga kowa ya waiwaya wajen wata mata, Sheryl Sculley. A lokacin ita ce manaja, tun 2005. Ba wanda ya zaɓe ta a akwati, majalisa ce ta ɗauke ta aiki, kuma majalisar na iya sallamarta. Tsarin tsoho ne, tun 1908 garin Staunton na Virginia ya ɗauki manaja.

Magajin garin lokacin Julián Castro ne. Ya zama kansila a 2001 yana ɗan shekara 26, ya nemi kujerar magajin gari a 2005 ya sha ƙasa, ya dawo ya ci a 2009. Albashinsa fa bai kai dala 5,000 a shekara ba. Da na ji haka dariya na yi, na ce to wahalar ta mece ce? Ashe suna yake tarawa. A 2012 shi ya yi babban jawabi a taron jam'iyyar Dimokurat, a 2014 Obama ya naɗa shi ministan gidaje.

Ita kuwa Sculley albashinta ya haura dala 400,000, amma ita ke shan zagi idan aka taɓa aljihun wani. Ta yi shekaru tana kai ruwa rana da ƙungiyar 'yan kwana-kwana kan kuɗin kula da lafiyarsu. A 2018 suka kai maganar gaban masu zaɓe, aka taƙaita wa'adin manaja zuwa shekara 8, aka kuma sa wa albashin iyaka. Dokar ba ta hau kanta ba, na bayanta ta shafa, amma ta gane karatun, ta ajiye aiki a 2019. A ganina ta fi magadan garin da ta yi aiki da su iko, nesa ba kusa ba.

Sai dai ka duba tsarin garin da kake tukuna. A New York da Chicago magajin gari ne wuƙa da nama, ba su da irin wannan manajan.