Amsa kan gyaran tsohon injin ɗaga mota a garejin gida

Malam, ka ce ka sayi tsohon injin ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, wanda idan ya ɗaga mota sai ya riƙa sauka a hankali, kuma kana tambayar inda ya kamata ka fara.

A ganina, kada ka fara da fenti. Saukar nan tana nuna cewa robobin cikin silinda sun cinye, ko kuma datti ya maƙale a bawul ɗin saukarwa. Ka zare sandar silindar ka shafa ta da yatsa. Idan farcenka ya tsaya a wani ramin tsatsa, to sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba sai an gyara sandar. Ka tsiyaye tsohon man gaba ɗaya, musamman idan ya yi fari kamar madara, domin ruwa ne ya shiga. Ka zuba man haidirolik mai lambar kauri ISO 32, ka canza tiyo, sannan ka fitar da iskar da ke ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne daɓen gidanka. Irin wannan inji yana buƙatar kankare mai kaurin aƙalla santimita 10, wanda ya kwana 28 da zubawa, kuma da sababbin kusoshi za a kafa shi. Igiyar ƙarfen da ko zare ɗaya ya tsinke a jikinta, a canza ta. Kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka sauke nauyinta a kan makullan tsaro na ɓangarorin biyu.