Shekara 11 ina buga wa kulob ɗaya, sun sallame ni ta WhatsApp. Ina da haƙƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan ƙwallo ne, shekarata 11 a kulob ɗaya na gwamnatin jiha, har kyaftin na riƙe. Na sa hannu a kwantiragin shekara 2, saura sizin ɗaya ya ƙare. A ƙarshen sizin da ya wuce na ji ciwo a gwiwa ana cikin wasa, ina jinya kawai sai tim manaja ya turo min saƙo a WhatsApp wai sabon koci baya buƙatata, shekaru sun ja. Ina binsu albashin wata 5 da ragowar kuɗin sa hannu da bonas na wasanni. Yanzu sunce in zo in sa hannu a wata takarda kafin su bani kiliyarans, wato takardar sakina in koma wani kulob. Wlh abin ya min ciwo, ko sallama ta mutunci babu. Ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam Kyaftin, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, takardar nan da sukace kazo ka sa wa hannu, kada ka taɓa ta sai lauya ya karanta. Ka karɓo kwafi ko ka ɗauki hotonta da waya kace zaka je kayi shawara. Galibin irin wannan takarda a ciki ake cusa layi ɗaya da ke cewa an rabu bisa yardar juna kuma babu wanda ke bin wani ko sisi, kana sa hannu shikenan ka yafe wata 5 ɗinka da sizin ɗin da ya rage da hannunka, kuma warware irin wannan daga baya aiki ne ja, domin sai ka tabbatar da cewa tilasta ka akayi.

Yanzu bari in faɗa maka wadda ba zata maka daɗi ba. Shekara 11 ɗin nan da kake ta ambato, a dokar ƙwallo ba ita ce ƙarfinka ba. Babu wata ƙa'ida ta FIFA da tace don mutum ya daɗe dole a sabunta masa. Ka duba David de Gea, shekara 12 yana tsaron ragar Manchester United, kwantiraginsa ya ƙare a 2023 ya kama gabansa, babu ƙarar da zai shigar. Messi ma a 2021 kwantiraginsa da Barcelona ƙarewa yayi a ƙarshen watan Yuni, da sukace kuɗi ba zai ƙyale su sabunta ba kuka yayi gaban 'yan jarida ya wuce PSG. Thomas Müller shekara 25 a Bayern tun yana yaro, a 2025 suka ƙi bashi sabo. Iker Casillas kuwa a 2015 shi kaɗai ya zauna gaban 'yan jarida yana hawaye bayan shekara 25 a Real Madrid, har sai da surutu yayi yawa aka sake shirya masa wani taron washegari. Wasan karramawa da kake ji ana yiwa wanda ya shekara 10 a Ingila al'ada ce kawai, kulob ya ga dama yayi ya ga dama ya bari. Toh maganar sallama ta mutunci, wannan tsakaninsu da Allah ne da magoya baya, kotu bata tilasta wa kowa kara.

Amma kai naka daban ne da na su de Gea, kuma anan zancen yake. Su nasu ya ƙare ne. Kai naka da sauran sizin guda aka ce ka tafi. Wannan sunansa karya kwantiragi.

Kundin FIFA na matsayin 'yan wasa da sauya sheƙa, wanda ake kira RSTP, sashe na 13 cewa yayi kwantiragi baya ƙarewa sai dai wa'adinsa ya cika ko ɓangarorin biyu su yarda. Sashe na 14 ya bada ƙofar soke shi idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Shin tsufa dalili ne? A'a. Sabon koci baya so? A'a. Ƙwazo ya ragu? Shima kwamitin sasanta rikici na FIFA da kotun wasanni ta CAS da ke Lozan a Siwizalan sun sha yanke cewa raguwar ƙwazo ba hujja bace, domin abu ne da kowa ke aunawa da son ransa. Ciwo kuwa ma ya fi, mutum ya ji rauni yana yi maka aiki sannan kace raunin ne dalilin korarsa? Sashe na 18 ma ya hana a rataya ingancin kwantiragi kan sakamakon gwajin lafiya, kulob ne zai yi bincikensa kafin ya sa hannu, in ya sa to ya ɗauka da duk abin da ke ciki. Kuma su da kansu suka baka shekara 2 suna sane da shekarunka, ai ba jiya aka haife ka ba.

Me ake biya idan kulob ya karya? Sashe na 17 ne. Idan baka samu wani kulob ba, asalin lissafin shine duk abin da ya rage na kwantiragin, wato albashin sizin ɗin nan gaba ɗaya. Idan ka samu wani wuri, sai a cire abin da sabon kulob zai biyaka a tsawon wannan lokacin a baka cikon. Wannan daban yake da bashin baya, wata 5 da kuɗin sa hannu da bonas, waɗannan guminka ne da ka riga ka zubar, ko da ace korar tasu halal ce sai sun biya.

Akwai wani abu da nake so ka lura dashi sosai. Saƙon WhatsApp daga tim manaja ba lallai a ɗauke shi a matsayin kora a hukumance ba. Na sha ganin wannan dabarar, a gaya wa yaro da baki kada ya ƙara zuwa, ya yi zuciya ya zauna a gida, bayan wata biyu sai sakataren kulob ya rubuta cewa ɗan wasa ya gudu daga sansani ba izini, sai reshe ya juye da mujiya ya zama kai ne mai laifi. Saboda haka a rubuta musu wasiƙa a satin nan, zuwa ga ciyaman ko janar manaja, ace an samu saƙo kaza ranar kaza, kwantiragi na nan da ransa har zuwa lokaci kaza, kai a shirye kake ka cigaba da jinya ƙarƙashin likitan kulob ka koma tirenin da zarar ka warke, su fayyace matsayinsu a rubuce. A kai da hannu a buga hatimin karɓa a kwafinka, a tura ta imel kuma. Kwafi ɗaya ga ofishin NPFL, hukumar lig ɗin Najeriya.

A cikin wasiƙar ko wata daban sai a sa maganar bashi. Tun watan Yunin 2018 FIFA ta ƙara sashe na 14bis, wanda yace idan kulob ya riƙe albashin wata 2 ko fiye, ɗan wasa zai basu notis a rubuce na aƙalla kwana 15 su biya gaba ɗaya, in basu biya ba yana da damar soke kwantiragin da kansa kuma laifin na wuyansu. Kai kuwa wata 5 kake bi. Amfanin bin wannan hanya shine ka fita ta ƙofar gaba, kuma a tsarin FIFA wanda ya fita saboda rashin biya sannan ya samu sabon kulob ana iya ƙara masa albashin wata 3 akan cikon, in abin ya munana har zuwa 6, sai dai jimillar ba zata wuce ragowar kwantiragin ba. Amma kwana 15 ɗin nan a ƙirga su da kyau, mutane da yawa gaggawa ce ke kayar dasu, su bada kwana 7 su ce sun gaji.

Sai ina za a kai ƙara. Nasan abokanka zasu ce ka kai su FIFA, kowa FIFA. Gaskiya ita ce kotun ƙwallo ta FIFA tana sauraron rikicin aiki ne idan akwai ƙasa biyu a ciki, misali ɗan Ghana ko ɗan Kamaru ko ɗan Nijar da ke buga wa kulob ɗin Najeriya. Shi yasa zaka ga kulob na rawar jiki ya biya baƙo ya bar ɗan gida, domin baƙon in yayi nasara ana iya hana kulob rajistar sababbin 'yan wasa har sai ya biya. Kai ɗan Najeriya da kulob ɗin Najeriya, hanyarka ta cikin gida ce, kwamitin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, da ke duba matsayin 'yan wasa da sasanta irin wannan rikici. FIFA ta wajabta wa kowace hukumar ƙasa ta sa waɗannan ƙa'idoji na mutunta kwantiragi a dokokinta, saboda haka galibin hujjojin da na lissafa suna aiki a can ma. Sauƙinsa ba tsada kuma mutanen ƙwallo ne, sun san me ake nufi da kuɗin sa hannu ba sai an musu dogon bayani ba. Matsalarsa a nawa ganin ita ce aiwatarwa, a yanke hukunci a takarda amma kuɗi ya ƙi fitowa sai anyi ta bibiya.

Hanya ta biyu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran kundin tsarin mulki na uku na 2010, sashe na 254C, ya bata ita kaɗai hurumin shari'ar da ta shafi aiki da albashi, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da sauransu. Za a tsorata ka ace duk wanda ya kai maganar ƙwallo kotu za a dakatar dashi. Eh dokokin ƙwallo basa son zuwa kotun gama-gari, amma shi kansa RSTP a sashe na 22 ya bar wa ɗan wasa damar zuwa kotu kan rikicin aiki. Abin dubawa shine me kwantiraginka yace, in akwai sharaɗin cewa sai an fara zuwa sasanci to kotu na iya cewa ku koma can tukuna. Sannan tunda kulob ɗin na gwamnatin jiha ne lauyanka ya bincika wa za a saka a ƙara, kulob ɗin kamfani ne mai rajista ko wani sashe ne a ƙarƙashin ma'aikatar wasanni, don ana yawan korar ƙara saboda an kai sunan da doka bata sani ba. Kuma ko ka ci, taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati na buƙatar amincewar Antoni Janar a ƙarƙashin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu. Kaga kenan tafiya ce mai nisa.

Ni da zaka bi tawa, ga yadda zan jera. Wasiƙa da notis ɗin kwana 15 tukuna. Sannan ka sanar da ƙungiyar 'yan wasa, akwai PFAN akwai NANPF, wani lokacin kiran waya ɗaya daga tsohon ɗan wasan da ake jin kunya yafi takarda goma. In sun nemi sulhu ka zauna dasu, ba gazawa bace. Manyan kulob ma haka suke rabuwa da wanda kwantiraginsa bai ƙare ba, Ronaldo da Manchester United a Nuwamban 2022 da yardar juna suka rabu. Amma sulhun ya zama a rubuce, adadin kuɗi a fili, ranar biya a fili, kuma a sa cewa yafiyar da kayi bata fara aiki sai alat ya shigo, in sun saɓa to cikakken bashin ya dawo. Kada ka yarda da "sai gwamna ya saki kuɗi", wannan ba rana bace a kalanda. In da hali bashin baya a biya shi cif, rangwamen a yi shi akan sizin ɗin da ya rage.

Kiliyarans kuma ba alfarma bace da zasu yi ciniki da ita. Idan sune suka ce basa so, ba su da hujjar riƙe ka, in sun ƙi sai a rubuta wa NPFL da NFF a nemi a sake ka ka yi rajista a wani wuri yayin da maganar kuɗi ke tafiya. A shekarunka zaman sizin ɗaya ba wasa kusan ritaya ce, shi yasa suke matsa maka ta nan, sun san inda ke maka ciwo.

Gwiwar ma kada a manta da ita. Ka duba ko kwantiragin yayi maganar inshora da kuɗin magani, ka adana rahoton likita da hoton sikanin da rasit na duk abin da ka kashe daga aljihunka. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita kan raunin da aka samu a bakin aiki, lauyanka ya tambaya ko kulob ya taɓa yi muku rajista, in basu yi ba wannan ma abin ɗagawa ne a teburin sulhu.

Lokaci kuma na tafiya. A FIFA shekara 2 ce iyakar shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru, na cikin gida ma suna da nasu wa'adin, kuma lauyoyin gwamnati na son fakewa da dokar nan da ke kare jami'an gwamnati, wadda tace sai an kai su ƙara cikin wata 3, duk da cewa kotuna sun sha cewa bata shafi karya kwantiragi ba. Gara kada ma a basu wannan ƙofar.

Baka faɗa min ko kwafin kwantiragin na hannunka ba, kuma nasan halin, da yawanku ana miƙo muku shafin ƙarshe ne ku sa hannu a tafi da takardar. In babu, a nemi kwafin da kulob ya ajiye wajen hukumar lig lokacin rajista. Ka haɗa da sitetimen na banki na aƙalla shekara 2 da zai nuna nawa ake turo maka da watan da aka daina, lasisinka na ɗan wasa, da sikirinshot na saƙon tim manajan wanda lambarsa da kwanan wata suka fito, ka tura wa wani amintacce ya ajiye maka tun kafin a goge ko waya ta faɗa ruwa. Da waɗannan zaka je wajen lauyan da ke kusa da kai, kuma ka tafi da hoton takardar da suke so ka sa wa hannu.