Kafin ka biya kuɗin makarantar jirgin ruwa

Salamu alaikum ƙanena. Na ji saƙonka. Ka ce ka gaji da lodin tirela a Apapa, wani ejan ya yi maka tayin makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Filifin, har kana tunanin sayar da filin da Baba ya bar maka a gida. Kuma ka tambaye ni ko aikin yana da gaba.

Yana da gaba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, kai ma ganau ne, kullum kana cikin kwantenonin Tin Can. Amma kafin ka ba ejan ko sisi, tambaye shi: in an gama aji, wane jirgi zan hau?

A nan gizo ke saƙar. Ƙa'idar STCW ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa da duniya ke bi ta ce ba za ka samu takardar zama jami'in jirgi ba sai ka yi wata 12 a kan teku a matsayin kadet, wato mai koyon aiki, kana cike littafin horo, manyan jami'ai suna sa hannu. Makaranta karatu kawai take bayarwa, gurbin jirgi kuwa yana hannun kamfani. Tun 2008 hukumar NIMASA mai kula da harkar jiragen ruwa a Najeriya ke tura matasa Indiya da Filifin da Masar, da yawa suka gama karatu suka zauna shekaru suna jiran gurbi. Gwamnati ce ta tura su fa. Ina ga kai da za ka tafi da kuɗin gado?

Abin da ke ci min rai shi ne mun taɓa samun jiragen kanmu. Kamfanin jiragen ruwa na gwamnati, NNSL, da aka kafa a 1959 shi ne wurin koyon yaranmu, aka bar shi ya durƙushe a 1995. A 2003 aka yi dokar da ta ce jigila tsakanin tashoshinmu ta jiragen 'yan ƙasa ce da ma'aikata 'yan ƙasa, aka buɗe asusun da ake zuba kashi 2 cikin ɗari na kuɗin kwangila don a ba masu jirage rance. An shafe sama da shekara 20 ana tarawa, masu jiragen kuma suna jira.

Nan Ulsan ta Koriya ta Kudu da nake, da sassafe za ka ga titi ya cika da babura, kowa da kayan aiki iri ɗaya, ana tururuwa zuwa masana'antar ƙera jirage. Jirgi gunduwa-gunduwa ake ƙera shi, kowace gunduwa ta fi gidan bene, sannan a ɗaga a haɗa da walda. A 1972 Hyundai ta fara a wannan bakin teku, gwamnati ta tsaya mata da lamuni, ƙarfe kuma na zuwa daga Pohang kusa da mu. Yau Sin da Koriya ta Kudu da Japan ke ƙera sama da kashi 90 cikin ɗari na jiragen duniya.

Ka kuma duba ƙofar da ke kusa da kai. Katafaren jirgin haƙo mai na Egina a Geoje ta nan Koriya aka ƙera shi, amma a 2018 Legas aka jawo shi, aka ƙarasa haɗa sassansa a masana'antar da ke sansanin LADOL, da hannun masu walda 'yan Najeriya. Na san hannunka da ƙarfe tun kana yaro. Walda mai takardar shaida ba ta buƙatar jiran gurbi a teku, kuma kuɗin koyonta bai kai na fili ba.

Idan kuwa tekun ne a ranka, ban hana ka ba. Fara duba makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron a Akwa Ibom, ka kwatanta kuɗinta da na ejan. Ka je ofishin NIMASA da ƙafarka ka tabbatar sun amince da makarantar Filifin ɗin. Ejan ya kawo takarda daga kamfanin jirgi, da sunan kamfanin a rubuce, cewa akwai gurbin kadet. Ka kuma zauna da maiɗakinka ku yi magana, don mutum kan yi wata shida zuwa tara bai ga gida ba.

Filin nan dai kada ka taɓa shi tukuna. Ɗauko hoton takardun ejan ka turo min in duba. Ka gai da Inna da yara.