Uku ya kawo, ya rantse huɗu ne

Ka tambaye ni me "2/3" ɗin da ka gani a jikin tsofaffin faifan fulofin nan na ƙasan kanta, waɗanda ake ajiye aikin kwamfuta a ciki a da, yake nufi. Ajiye wayar nan tukuna, yaro, in kana son amsa.

A 1998, ina da shago a Sabon Garin Kano, wani ɗan kwangila ya kawo min faifai uku a baƙar leda, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Takardun neman aiki ne da aka buga da manhajar rubutu ta WordPerfect, ya ce in gyara in fitar masa. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙaninsa, ya ƙirga, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina na huɗun?" Na ce uku ka kawo. Ya rantse, ƙanin ya rantse, har ya cire hula ya buga a tebur. Ni kuwa ba ni da shaida ko ta sisi. Dattawan layi suka taru suka ce a yi sulhu, kuma sulhun a kaina ya ƙare: shafi sittin na buga masa kyauta daga rubutun hannunsa, dare biyu ina kan janareta, man daga aljihuna. Bayan shekara direbansa ya faɗa min yana dariya cewa faifai na huɗu bai taɓa wanzuwa ba. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tun ranar, faifai ba ya shiga shagona sai an rubuta sunan mai shi, kwanan wata, da na nawa ne cikin nawa, a gaban idonsa. 2/3 na biyu ke nan cikin uku. Ba ni na ƙirƙiro ba, Windows 95 ma a faifai 13 ya zo, kowanne da lambarsa.

Ka rubuta a takardar sunan kafin ka liƙa ta a jikin faifan. Manyan nan masu laushi na inci 5.25, in ka danna musu biro ka kashe su, sai dai alƙalamin maka mai laushin baki. Kar ka ɗora sabuwar takarda kan tsohuwa, za ta ɓare a cikin na'ura ta maƙale. A ƙananan kuma, na inci 3.5, kar takarda ta rufe hudar kusurwa, da ita na'ura ke gane mai ɗaukar megabayit 1.44 ne ba mai kilobayit 720 ba. Yadda ake ture ɗan makullin hana gogewa ba sai na koya maka ba.

Ku 'yan yanzu filas goma a aljihu, ba wanda ke da suna, sai an soka ɗaya bayan ɗaya ana lalube. Ɗauko kwalin nan ka jera min su bisa shekara kafin la'asar.