Amsa ga mai tambaya kan kumburin babbar jijiyar ciki na mahaifinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce shekararsa 68, ya daɗe yana shan sigari, an je sikanin saboda matsalar fitsari sai aka ga babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura har santimita 4.2, likita kuma ya ce ku dawo bayan shekara. Kana tambaya ko ku sayar da filinku na Rigasa ku kai shi Indiya ko Masar.

Kada ku sayar da filin yanzu. Na daɗe ina aikin sikanin a nan Kaduna, kuma abin da likitan ya faɗa maku shi ne daidai.

Wannan jijiya, ayota, ita ce ke ɗauko jini daga zuciya ta biyo ta gaban ƙashin baya zuwa ƙafafu. Faɗinta a lafiyayyen mutum wajen santimita 2 ne. In ta kai 3 an ce ta kumbura, kamar tsohon tif ɗin keke da ya yi ƙulu a wuri ɗaya. Amma ba a yi wa namiji tiyata sai ta kai 5.5, ko ta ƙaru da fiye da santimita 1 cikin shekara, ko ta fara ciwo. Ƙasa da haka haɗarin aikin ya fi haɗarin fashewar. Ko Ingila kuka kai Baba da 4.2 ɗinsa, gwadawa za su yi su sallame shi. Tsarinsu shi ne daga 3 zuwa 4.4 a duba sau ɗaya a shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 duk wata uku.

Abin da ke ci min rai shi ne mutanenmu ba sa dawowa. Dattijo zai sauka daga gadon gwaji yana gyara riga, ya ce shi babu inda ke masa ciwo, a naɗe takardar a jefa cikin durowa. Alhali wannan cuta haka take, galibi ba ta ciwo sai ranar da ta fashe, kuma cikin mutum goma da ta fashe masu kusan takwas ba sa rayuwa. Gwajin kuwa minti goma ne, babu allura, babu zafi, kuɗinsa bai kai na siti sikan, wato hoton babbar na'urar nan ta CT, ko kusa ba. Ku riƙa yi a wuri ɗaya in da hali, ku je da tsohuwar takarda, Baba kuma ya je bai karya ba, don iskar hanji tana rufe mana jijiyar.

Inda kuɗinku zai yi aiki yanzu wuri biyu ne. Sigari ya bar ta baki ɗaya, ita ce ta fi komai sa kumburin girma da sauri. Na san faɗa wa mahaifi haka da nauyi, to ku sa aminansa ko limamin unguwa. Sai maganin hawan jini da na kitsen jini, kada ya yanke. Babu wani sassaƙe ko ƙwaya da ke mayar da jijiyar yadda take, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so.

In ranar aiki ta zo, hanya biyu ce. Akwai buɗe ciki a ɗinka bututun roba a madadin wurin da ya lalace. Jinyar ta fi tsawo amma gyaran yana da ƙarko. Akwai kuma zura bututu ta jijiyar matsematsi, wanda aka fara a Ajantina wajen 1990. Ana saurin tashi, sai dai kayan da tsada, kuma sai an yi ta bibiya da hoto har ƙarshen rayuwa. Masu kiran mutane jinya ƙasar waje ba kasafai suke faɗin maganar bibiyar nan ba. Tun yanzu ku nemi takardar turawa zuwa ga likitocin tiyatar zuciya da jijiyoyi, ta Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika, su san da shi kafin a shiga gaggawa. Ku kuma tambayi hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, KADCHMA, ko ta ƙasa, NHIA, abin da inshora ke ɗauka.

Duk ranar da ya ji matsanancin ciwon ciki ko na baya farat ɗaya, ga zufa ga jiri, kada a ce olsa ce a tsaya kemis. A wuce asibiti kai tsaye da takardar sikanin a hannu.

Wani ya tambaya a ƙasa ko kowa ya je ya gwada. A'a. A Ingila maza ake kira idan sun cika 65, a Amurka kuwa maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba, sau ɗaya tak. Wani babban bincike da aka fitar a Ingila a 2002 ya nuna hakan ya rage mutuwa daga cutar da kusan kashi 40 cikin ɗari. Cutar ta fi yawa a Turawa, don haka a wurinmu na fi ganin hikimar a duba masu haɗarin kawai. Tana bin jini, saboda haka ƙannen Baba da yayyensa maza su je a duba su. Duk dattijon da aka kwantar don sikanin ciki kuma, ya ce wa mai gwajin ya leƙa masa ayota kafin ya goge man da ya shafa masa a ciki.